Jatan Lande da Tafarnuwa a Man Shanun Fulani

A unguwar Hashimi da ke cikin garin Suleja, da wuya a leƙa madafi ba a ga gwangwanin dakakken kirefish a kan kanta ba. Shi ne a miyar kuɓewa, shi ne a miyar agushi, shi ne a alale da faten doya. Amma a kawo wa uwargida ɗanyen jatan lande mai kaurin babban yatsa, ga gashin baki zarara ga ƙafafu birjik, sai ta ja da baya tana yatsina fuska, ta ce ita ba ta cin ƙwaro. To, ai tuni ta ci, tun tana yarinya take ci. Abin da 'yan kasuwar IBB ke aunawa a mudu da sunan kirefish ƙananan jatan lande ne, waɗanda masuntan Oron da Ibeno a jihar Akwa Ibom ke kamowa a bakin teku, su busar a kan hayaƙi, a ɗura a buhu a yo Arewa da su. Na gwangwani da na firiza 'yan gida ɗaya ne, wannan ƙarami busasshe, wancan babba ɗanye.

Zancen ƙwaron ma ba abin gudu ba ne. Masana halittu sun sa jatan lande da ƙaguwa da fara a babban dangi guda, na masu ɓawo a waje da gaɓoɓi a ƙafa. Wanda zai tsaya gaban mai tallar fara ya ce a ƙara masa yaji ba shi da bakin ƙyamar jatan lande. Ta fuskar addini maganar gajeriya ce: Malikiyya, mazhabar da akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, ta halatta abin da ke rayuwa a ruwa, haka Shafi'iyya da Hambaliyya. Malaman Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi, su ma sun yi saɓani a kan ko jatan lande yana cikin kifi. Mai dalilin kaucewa na gaskiya shi ne wanda jikinsa ba ya karɓa, wanda in ya ci sai borin jini ya taso masa, ko leɓe ya kumbura. Idan numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa a take. Wanda fara ke yi wa haka ma ya yi hattara, domin sinadarin da ke tayar da cutar kusan iri ɗaya ne a jikinsu.

Wannan halitta har suna ta ba wa ƙasa guda. A wajen shekarar 1472 matuƙan jirgin ruwan Fotugal suka shiga bakin kogin Wuri, inda birnin Duwala yake a yau, suka tarar ruwan ya cika maƙil da wani nau'insa, suka kira wurin Kogin Jatan Lande da harshensu. Kalmar tasu ce ta bi bakin Jamusawa da Faransawa da Ingilishi har ta zama Kamaru. Akwai kuma na kogi, manya masu dogayen hannuwa, da ake samu a kogunan Afirka ta Yamma. Suna girma a ruwan daɗi, amma 'ya'yansu ba sa rayuwa sai a inda kogi ya gauraya da teku. Da aka kammala madatsar Diama a bakin kogin Senegal a 1986, hanyarsu ta toshe, suka ɓace daga saman kogin. Ashe su ne ke cinye katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Cikin 'yan shekaru cutar ta mamaye garin Richard Toll da kewaye. A 2015 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a ƙauyen Lampsar, inda aka mayar da jatan landen wani mashigin ruwa, katantanwa mai cutar ta ragu, cutar ma ta ragu a jikin mutane. Jihar da Suleja ke ciki, mai madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ya kamata ta saurari wannan labari da kunnen basira.

Manyan da ake girkin tafarnuwa da man shanu da su kuwa jiragen kamun kifi na Legas ke kamowa, kuma mafi yawansu Turai ake kai su. Abin da ya rage shi ke isowa kasuwar kifi ta Kado da manyan kantunan Abuja, inda mutumin Suleja zai same shi. Daga Legas zuwa nan ya haura kilomita 700, saboda haka wanda aka shimfiɗa a tire aka ce kamun yau ne, daskararre ne aka narkar. Gara a sayi wanda ke cikin ledarsa da ƙanƙararsa. Idan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, sun taɓa narkewa suka sake daskarewa, a bar su. Idan akwai wari mai kama da na fitsari, a bar su. Lambar da ke jikin leda, kamar 16/20 ko 21/25, adadin da ke cikin laba ɗaya ce, wato wajen giram 450, ƙaramar lamba ita ce manya.

Sai mai, wanda shi ne ran girkin baki ɗaya, kuma a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ciwo. Littattafan girkin Turawa kan ce a sa bota, sai mai karatu ya nufi kanti ya sayo Blue Band. Wannan majarin ne, da man tsirrai ake yin sa. Wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ne ya ƙirƙiro majarin a 1869, lokacin da sarki Napoleon na Uku ke neman abu mai araha da zai maye gurbin man shanu ga sojoji da talakawa. Tun asalinsa madadi ne. Abin da Bature ke nufi da bota shi ne man shanu, wannan dai da matan Fulani ke shigowa da shi Suleja a ƙwarya, curi-curi yana yawo a saman nono. Abin takaici ne a ce mutum ya wuce Bafulatana da ƙwaryarta a bakin layi, ya hau acaɓa ya je sayen kwaikwayon abin da take sayarwa.

Nata ma ya fi na kanti ta wata fuska. Ba daga sabuwar madara take fitar da shi ba, sai nonon ya kwana ya yi tsami, sannan a kaɗa shi har man ya ware ya taso. A wannan kwanan ne ƙwayoyin da ke tsamar da nono suke haifar da ƙamshin da hanci ke ganewa tun daga nesa. A Faransa irin wannan man na tsamammen kirim, musamman na yankin Normandi, shi ne abin alfahari, da tsada ake sayensa. Yana kuma bin yanayi. Da damina, shanu na kiwo a ɗanyar ciyawa, man yakan fito rawaya, ya yawaita, ya yi sauƙi. Da rani sai ya koɗe ya yi wuyar samu. Uwargida mai dabara a watan Agusta da Satumba take sayen nata, ta soya ta adana.

Suyar man shanu kuwa ilimi ne da kakanni suka gama da shi tun kafin a san ma'aunin zafi. Ɗanyen mai wajen kashi 80 cikin 100 ne kitse, sauran ruwa ne da burbushin nono. A ɗora shi a wuta kaɗan, a yanka albasa a ciki. Zai yi kumfa, ya riƙa ƙara yana tartsatsi, ruwan ne ke fita. Da ƙarar ta lafa, burbushin ya kwanta a ƙasa ya yi ja-ja, albasa ta soyu, sai a sauke a tace a kwalba. Ƙarnin ya tafi, ƙamshi irin na soyayyiyar gyaɗa ya shigo, duk wata ƙwayar cuta da ta biyo nonon da ba a tafasa ba ta mutu, kuma kwalbar za ta yi watanni ba tare da firji ba, abin da ke da muhimmanci a garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya. Mutanen Indiya na yin irin wannan su kira shi gi, Larabawa su ce samin, Habashawa su zuba masa kayan ƙamshi. Amfaninsa ga jatan lande a fili yake: ɗanyen mai yakan fara ƙonewa a wajen digiri 175 na ma'aunin Salshiyos, soyayye kuwa yana jurewa har kusan 250. Masu girkin Turai kan haɗa bota da man zaitun don gudun ƙonewa. Mai kwalbar soyayyen man shanu ba ta da wannan damuwa.

Tafarnuwa ba ta buƙatar gabatarwa. 'Yar gida, ta noman rani da ake kawowa daga Sakkwato da Kano, ƙanana ce mai wahalar ɓarewa, amma ta fi manyan fararen nan na ƙasar Sin kaifi. Sinadarin da ke ba ta yaji da wari, alisin, wanda Chester Cavallito ya gano a Amurka a 1944, ba ya samuwa sai an yanka ko an daka ta. Dakakkiya ta fi ƙarfi amma ta fi saurin ƙonewa, ƙonanniya kuwa ɗaci gare ta da babu abin da ke gyara shi. Don wannan girki a yayyanka ta da wuƙa.

Ga rabin kilo na jatan lande ana buƙatar man shanu cokali 3, tafarnuwa ƙwara 8, attaruhu 1, rabin lemon tsami, gishiri, masoro da ɗan lawashi. A narkar da jatan landen a ruwan sanyi, a cire kai da ɓawo, a tsaga gadon bayan a zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne, ba jijiya ba kamar yadda ake faɗa. Kai da ɓawon kada a zubar, a tafasa su minti 10 a kofin ruwa a tace romon. A tsane naman da tsumma mai tsabta har ya bushe, a sa gishiri. Kasko kuwa na ƙarfe mai faɗi ake so. Suleja garin tukwane ne, a nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, lokacin sunan garin Abuja, a nan Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 ta yi suna, amma tukunyar ƙasa tana riƙe zafi bayan an sauke, wannan girki kuwa so yake zafi ya yanke nan take.

Mai ya yi zafi sosai, a jera su ɗaya-ɗaya ba tare da cunkoso ba. Minti ɗaya da rabi, a juya, minti ɗaya, a kwashe. A rage wuta, a zuba tafarnuwa da attaruhu na rabin minti, a bi da romo ludayi ɗaya da ruwan lemon tsami, a girgiza kaskon har ruwan ya ɗan yi kauri, a mayar da jatan landen, a watsa masoro da lawashi, a sauke.

Babban abokin gabar wannan girki shi ne sabo. Hannun da ya saba da ganda da ƙafar sa ya yarda cewa nama sai ya daɗe a wuta yake laushi. Jatan lande akasin haka yake, minti 2 na ƙari sun isa su mayar da shi kamar roba. Shi da kansa yake faɗin ya nuna. Launinsa na toka yana juyewa ja mai haske, saboda zafi ya saki wani sinadarin launi da ke ɗaure a jikinsa, naman ya daina sheƙi ya yi fari, jikin ya lanƙwashe kamar harafin C. Idan kai da wutsiya suka haɗe ya zama zobe, an makara.

Lemon tsamin nan ya kawo mu ga wata ƙarya da ta ƙi mutuwa. Tun zamanin saƙon imel, kafin a san WhatsApp, ake yaɗa labarin wata mata a Taiwan da wai ta ci jatan lande ta sha bitamin C, ta mutu jini na fita ta hanci da baki, wai haɗin biyun ya zama gubar asinik. Har yau ana tura shi a zaurukan 'yan uwa da roƙon a yaɗa don Allah. Haba! Ko tunani kaɗan ya isa. Daga Sifen zuwa Meziko zuwa Tailan, miliyoyin mutane kullum suna matsa lemo a kan jatan lande, da abin gaskiya ne da garuruwan bakin teku sun zama kufai. Eh, akwai asinik a abincin teku, amma mafi yawansa nau'i ne da jiki ba ya riƙewa, yana fita ta fitsari. Labarin ba shi da sunan matar, ba shi da sunan asibiti, ba shi da kwanan wata, kuma wanda ya tura shi ba tare da bincike ba ya tsorata mutane a banza. Batun kolastarol ya fi wannan tushe, domin jatan lande na da shi da yawa, sai dai kitsensa kaɗan ne ƙwarai. Wanda likita ya ja wa kunne, cokulan man shanun zai rage.

A Amurka ana zuba giyar inabi a irin wannan girki, a Sifen man zaitun zalla suke sawa. Romon ɓawo da lemon tsami sun wadatar, babu abin da aka rasa. Ana ci da farar shinkafa ko taliya, ko dafaffiyar doyar Gwari, amma sinasir ya fi su duka, domin ramukansa na shanye man da tafarnuwar tas. Rabin kilo na isar mutum 4 idan akwai abin haɗawa. Daga ɗora kasko zuwa saukewa bai wuce minti 6 ba, kuma ba ya son ɗumame, don haka sai sinasir ya sauka, an shimfiɗa tabarma, kowa ya wanke hannu, sannan a kunna wuta.