Karatu a Lokacin Hutu

Idan an ba da hutu, yara da yawa sukan rataye jaka, ba su ƙara taɓa littafi sai ranar komawa makaranta. Wannan kuskure ne, gama karatu kamar fartanya yake, in an ajiye ta ba a aiki da ita, sai ta yi tsatsa.

Hukuma ta daɗe da gane haka. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwa a birane da ƙauyuka, manyan mutane suna koyon karatu da rubutu. Da rani suka fi samun sukuni, domin shi ne hutun manomi. Wanda ya koya kuwa ya iya karanta takardar harajinsa, ba a cutar da shi wurin awon gyada.

Amma aka ga duk wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, yakan manta. Saboda haka a 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha. Ta kuma buga jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. An rufe NORLA a 1959. A 1980 Jihar Kano ta kafa tata hukumar ilmin manya. Da kuɗin jama'a aka yi duk waɗannan, watau daga aljihun iyayenmu da kakanninmu.

To, ku yaran Ajingi, dogon hutunku da damina yake zuwa, lokacin noman gero da dawa. Ku taimaki iyayenku a gona. In an taso, ku karanta ko da shafi ɗaya kowace rana. Wanda ba shi da littafi ya ara, ya mayar da shi lafiya.

Sa'an nan ku zauna wurin tsofaffi. Ku tambaye su labarin maƙeran da aka ce sun tashi daga Gaya suka zauna a Dala neman tama. Ku rubuta abin da kuka ji, ku kai wa malaminku.

Tambayoyi
1. Don me aka kafa NORLA?
2. Mene ne sunan jaridar Lardin Kano?