Kafin Ka Hau Duwatsun Tongariro

A tsakiyar tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan akwai duwatsu uku masu aman wuta a jere: Tongariro da Ngauruhoe da Ruapehu. A 1887 wani basaraken ƙabilar Maori, Te Heuheu Tukino na huɗu, ya sa kawunansu ƙarƙashin kariyar hukuma, abin da ya haifar da gandun shaƙatawa na farko a ƙasar. Yau jama'a na tururuwa can, wasu su taka da ƙafa, wasu su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi ƙasar, ba zai rasa abokan da za su ce masa "zo mu je" ba. To, kafin ka amsa, ɗan'uwa, ka san inda za ka.

Duwatsun nan ba su mutu ba. Ruapehu, wanda tsayinsa ya kai mita 2,797, yana ɗauke da tafki a bakinsa, wutar da ke ƙasa tana ɗumama ruwan. Idan gaɓar tafkin ta fashe, ko dutsen ya yi aman wuta, sai ruwa ya haɗu da toka da duwatsu ya gangaro kwari kamar kwaɓaɓɓen siminti, da gudun da mutum ba zai tsere masa ba. Haka ta faru a daren jajibirin Kirsimeti na 1953. Ambaliyar laka ta bi kogin Whangaehu ta karya ƙafafun gadar jirgin ƙasa a Tangiwai, jirgin fasinja ya iso jim kaɗan bayan haka ya rufta ciki, mutum 151 suka rasu. Wannan dutsen dai shi ne ke ɗauke da filayen zamiya na Whakapapa da Turoa. A Whakapapa an kafa jiniyar gargaɗi, kuma umarnin gajere ne: da ka ji ta, fita daga cikin kwari, hau tudu. Kada ka tsaya ɗaukar hoto.

A 2012 ma ramukan Te Maari da ke jikin Tongariro sun yi aman wuta har sau biyu, duwatsun da suka watso suka huda rufin bukkar matafiya ta Ketetahi. Allah ya kiyaye babu kowa ciki. Hukumar GeoNet tana bayyana matakin haɗarin kowane dutse a intanet, daga 0 zuwa 5. Duba shi da safiyar ranar tafiyarka.

Amma abin da ya fi damuna ba wutar ba ce, sanyi ne. Wanda ya tashi cikin hunturunmu yana jin ya san sanyi, alhali bai taɓa haɗuwa da iskar da ke daskarar da yatsu ba. A watan Agusta na 1990 guguwar ƙanƙara ta rutsa da wata tawagar sojoji da ke atisaye a kan Ruapehu, shida suka mutu. Matasa ne majiya ƙarfi, suna tare da malamansu. Balle kai da ka zo yawon buɗe ido.

Shahararriyar hanyar da ake kira Tongariro Alpine Crossing kimanin kilomita 20 ce, tana cin kusan wuni guda, ta haura sama da mita 1,800 a bakin wani ramin aman wuta da ake kira Jan Rami. Kana iya tashi da rana tsaf, kafin azahar hazo ya rufe ka har ka kasa ganin sandunan da ke nuna hanya. Rigar auduga idan ta jiƙe da gumi sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki, don haka a nemi ta ulu, a ɗora rigar ruwa, a sa takalmi mai kama ƙasa. A ɗauki ruwa isasshe, domin na ƙoramun hanyar ba ya shayuwa. Idan abokin tafiyarka ya fara makyarkyata, maganarsa na sarƙewa, yana tuntuɓe, sanyi ya soma kama shi. A lulluɓe shi, a ba shi abinci, a nemi taimako. Kuma a tuna yanayinsu akasin na Turai ne: Yuni zuwa Agusta ne tsakiyar sanyi. A lokacin hanyar tana rufe da ƙanƙara, bai kamata baƙo ya shiga ba sai da jagora da kayan aiki.

Maori suna girmama duwatsun nan a matsayin kakanninsu, suna roƙon baƙi kada su hau ƙololuwar Ngauruhoe da Tongariro, kada kuma su taɓa ruwan tafkunan da ke kan duwatsun. Roƙo ne mai sauƙi daga masu gida, ya dace a mutunta shi.

Kafin ka fita, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo. Idan hasashen yanayi ya nuna iska mai ƙarfi, ɗage tafiyar zuwa wata rana. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasar ita ce 111.