Darasin masana'antar Fremont game da kula da ma'aikata

Duk wanda ya taɓa shiga mota ƙirar Pontiac Vibe, irin waɗanda 'yan kasuwa ke shigowa da su na hannu daga Amurka zuwa biranen Afirka ta Yamma, to kuwa ya shiga motar da aka haɗa a garin Fremont na jihar California. A wannan masana'anta ce aka yi wani gwaji da har yau masana sha'anin gudanarwa ke kafa misali da shi a duk lokacin da ake muhawara kan ko lalacewar wurin aiki daga ma'aikata take, ko kuwa daga yadda ake tafiyar da su.

Kamfanin General Motors, wato GM, shi ne ya mallaki masana'antar tun farkon shekarun 1960, kuma kafin a rufe ta a shekarar 1982 ta yi ƙaurin suna a duk faɗin kamfanin. A kowace rana kimanin kashi 20 cikin 100 na ma'aikata ba sa zuwa aiki, ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyar ƙwadago ta UAW ta shigar ba a warware ba sukan haura 5,000, motocin kuwa na fitowa cike da kurakurai. Dokar wurin ita ce kada layin haɗa motoci ya tsaya ko ta halin ƙaƙa, saboda haka ma'aikaci na ganin aibi zai kau da kai, a bar gyara sai mota ta kai ƙarshen layi.

A shekarar 1984 ne aka sake buɗe masana'antar a ƙarƙashin wani kamfanin haɗin gwiwa tsakanin GM da Toyota ta ƙasar Japan, mai suna NUMMI. Kowanne ɓangare da abin da ya kawo shi. GM na neman sanin sirrin ƙera ƙananan motoci masu inganci, ita kuwa Toyota, wadda ke fuskantar ƙayyade yawan motocin da Japan ke sayarwa a Amurka, tana son ta gwada ko tsarinta zai yi aiki da ma'aikatan Amurka. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, akasarin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa kallon marasa amfani, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagonsu.

Sauyin ya faro ne daga sha'anin kula da ma'aikata. An tura ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka da ke Japan, inda suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. An soke gomman rabe-raben muƙamai da a da suka hana wani taɓa aikin wani, aka kasa ma'aikatan zuwa ƙananan rukunoni na mutum biyar ko shida, kowanne da jagoransa. Manajoji da leburori suka koma cin abinci a ɗaki ɗaya da ajiye motoci a fili ɗaya. Bugu da ƙari aka rataya igiya a kan layin, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga matsala. Da zarar ya ja sai jagora ya garzayo ya taimaka, idan kuma gyaran bai samu nan take ba sai layin ya tsaya.

To amma mutum ba zai fallasa kuskure ba muddin yana tsoron a kore shi. Don haka yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar UAW ta tanadi cewa ba za a sallami ma'aikata ba sai idan kamfanin na fuskantar barazanar durƙushewa, kuma kafin a kai ga haka sai an fara rage albashin manya. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarar 1988 cinikin motocin ya faɗi, aikin masana'antar ya ragu zuwa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, amma ba a sallami kowa ba. A maimakon haka an yi amfani da lokacin wajen ba da horo. Yawan masu ƙin zuwa aiki ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100, ingancin motocin kuma ya doshi na waɗanda ake ƙerawa a Japan.

Ba a ce komai ya tafi lami lafiya ba, domin akwai ma'aikatan da suka koka da saurin aikin da kuma matsin da ke tattare da shi. Kazalika GM ta sha wahala wajen yaɗa darasin zuwa sauran masana'antunta. A Van Nuys, ita ma a California, an kwaikwayi tsarin rukunoni ba tare da an samu amana tsakanin shugabanni da ma'aikata ba, aka kuma rufe masana'antar a 1992. Toyota kuwa ta ɗauki abin da ta koya ta buɗe tata masana'antar a Georgetown ta jihar Kentucky, wadda ta fara ƙera motoci a 1988.

Bayan da GM ta faɗa cikin fatarar kuɗi a 2009 ta janye daga haɗin gwiwar, sai Toyota ta rufe NUMMI a watan Afrilun 2010, bayan ƙera motoci kusan miliyan 8. Ma'aikata kimanin 4,700 ne suka rasa abin yi, kamfanin Tesla kuma ya sayi wurin a kan dala miliyan 42. Alƙawarin tabbacin aiki bai iya tsallake rugujewar ɗaya daga cikin masu kamfanin ba. Duk da haka, shekaru 25 da masana'antar ta yi tana aiki sun nuna cewa mutanen da aka rufe ƙofa a kansu a 1982 su ne dai suka ƙera motocin da aka yi ta yabo bayan 1984, sa'ad da aka horar da su, aka saurare su, aka kuma ba su ikon tsayar da layi.