Bin Gulbi: Daga Jiratawa Zuwa Tsibirin Gobir



Galibin baƙin da ke sauka a Otel Jangorzo ko wani masauki a Maraɗi, fatauci ne ya kawo su. Su kwana biyu, su ƙulla ciniki a babbar kasuwa, su kama hanyar Ɗan Isa su koma Katsina ko Kano. Kaɗan ne ke tambayar mai sunan otel ɗin, wato Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir. Alhali tarihin duk yana kwance a bakin Gulbin Maraɗi, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar, ya yi gwiwa zuwa yamma, ya koma Najeriya. Da damina kawai yake kawo ruwa. Wanda ya biyo shi daga kudu zai fara cin karo da tafkin Madarunfa, inda kaburburan waliyyai 99 suke, wurin da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Daga nan sai Jiratawa. A farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa filin noman rani a wurin, kimanin hekta 500, ana ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Ko a tsakiyar bazara, ƙasa ta yi fari ko'ina, Jiratawa shar take da albasa, tumatir da zogalen da ake cika buhuna da shi.

To, birnin Maraɗi kansa fa? Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa. Wajajen 1819 Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, cikin fadama mai duhun itatuwa da ke kare gari daga mahaya. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Sai dai gulbin da ya ba su mafaka shi ne ya cinye tsohon garin a ambaliyar 1945. Turawan Faransa suka mayar da jama'a kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. Cinikin gyaɗa ya biyo baya, alhazan birni suka yi suna.

Gaba kaɗan ta arewa maso yamma Tsibiri take. Alƙalawa, tsohuwar fadar Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka sha yawo, har Sarki Ali ya rasu a yaƙin Gawakuke a 1836. Bayansa Mayaƙi ya kafa Tsibiri ta zama sabuwar fadar Gobir. Sarautar Inna, uwar masu bori, tana nan daram, kamar yadda Maraɗi ke da Iya. Duk wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a ƙofar fada, da algaita da kakaki da dawakai cikin ado, ya san abin kallo ne da ya cancanci a yi takakkiya dominsa.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne yawancin labarin nan a bakin dattawa da makaɗan fada yake, kuma baƙo ba ya samun mai yi masa jagora cikin sauƙi. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Kafin jirgin ya iso, ya kamata masu otel-otel da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su zauna da fadodin biyu, a horar da matasan da za su riƙa zagawa da baƙi.