Daga Kaburburan Durbi Takusheyi zuwa Laka: Masanin da Ƙasa ta Zamar wa Littafi

A makarantunmu na sakandare, da zarar ɗalibi ya shiga babban aji sai a ce ya zaɓi ɗaya, ko kimiyya ko adabi da tarihi. Daga ranar nan da yawa kan ɗauka cewa ɗan ajin kimiyya ba shi da sauran hulɗa da tarihi har abada. Ayyukan Farfesa Detlef Gronenborn, wani Bajamushe masanin binciken kufai, sun isa su sa a sake duban wannan rabo.

Wanda ya duba jerin rubuce-rubucensa zai yi zaton na mutum uku ne. Akwai bincike kan manoman farko na tsakiyar Turai, waɗanda suka rayu shekaru wajen 7,000 da suka shige. Akwai na yankin Tafkin Chadi, inda ya yi tono a Borno a shekarun 1990, ƙarƙashin haɗin gwiwar jami'o'in Frankfurt da Maiduguri. Sannan ga na kaburburan Durbi Takusheyi a ƙasar Katsina. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne ƙasa, wato wannan da ake takawa.

Durbi Takusheyi wasu tuddai ne a yankin Mani, gabas da birnin Katsina, waɗanda tarihin baka ya danganta da sarakunan Durɓawa. A 1907 Bature H. R. Palmer ya tona wasu daga cikinsu, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona uku, amma da wata dabara daban: maimakon a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, sai aka yanko kowane kabari dunƙule da ƙasarsa. A 2007 aka kai dunƙulen birnin Mainz na Jamus, inda aka riƙa kankare ƙasar sannu a hankali a ɗakin gwaji. An sami 'yan kunne na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da wuri, da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Gronenborn ne ya tsara littafin da ya bayyana wannan aiki a 2011.

Amma ga masanin halittu, zinariyar ba ita ce abin mamaki ba, domin ba ta ruɓewa. Abin mamakin shi ne guntayen tufa da itace da fata da suka tsira. A irin ƙasarmu, gara da funfuna da ƙwayoyin bakteriya kan cinye tsumma cikin 'yan damina kaɗan, ƙasa mai tsami kuma kan narkar da ƙashi kansa. To, sai dai idan jan ƙarfe ko tagulla suka yi tsatsa, sukan saki wani koren gishiri mai guba ga waɗannan ƙananan halittu, don haka duk zaren da ya manne da munduwa yana iya daɗewa ƙarni bayan ƙarni. Daga irin waɗannan guntaye ake auna sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke gushewa duk shekara 5,730, a gano lokacin da abin ya daina rayuwa. Da an kakkaɓe ƙasar a bakin rami, da shaidar ta bi iska.

A Borno kuwa ƙasar ce da kanta abin nazari. Firgi baƙar laka ce mai riƙe ruwa, wadda ke tsattsagewa da rani. A kanta ake dasa dawar masakwa bayan ɗaukewar ruwa, ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Gronenborn ya bi diddigin tarihin wannan noma, domin wanda bai san abin da ya ciyar da mutane ba, ba zai fahimci dalilin kafuwar garuruwansu ba.

Manomin Gubuchi ba baƙo ba ne ga wannan ilmi, ko da bai ba shi suna ba. Ya san bambancin jigawa da fadamar da ake noman rake a Makarfi da Kudan. Ya kuma san gonar da ke kan kufai ta fi yabanya, saboda toka da juji da kashin dabbobi na mutanen da suka shuɗe sun bar mata sinadarin fosfaras, wanda ba ya saurin wankewa. Tsofaffin kukoki da tsingaron da garma ke fitarwa su ne alamun irin wannan wuri. Abin takaici, akan tsince tsingaron a watsar a kan iyakar gona, ko yara su yi wasa da shi. Alhali tsingaron da aka raba da zurfinsa da launin ƙasar da ya fito daga ciki, ya rasa mafi yawan abin da zai iya faɗa.

Malamin da ke da ɗalibai a irin waɗannan garuruwa yana iya fita da su kufai mafi kusa, da izinin mai gona, su ɗebi ƙasar sama daga tsakiyarsa da kuma gefensa, su kwatanta launi da laushi da yadda kowace ke shan ruwa. Tono mai zurfi kuwa, doka ta bar izininsa a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.