Labarin Ƙaramin Akwatin Ɗaukar Hoto Na Jamus

A shekarar 1966, wadda Sarkin Daura Abdurrahman ya rasu a cikinta aka naɗa Muhammadu Bashar, maƙeran Jamus suka fito da wani akwatin ɗaukar hoto mai suna Rollei 35. Wanda ya tsara shi ana ce da shi Heinz Waaske. Ƙanƙantarsa ta kai ya shige aljihun riga, alhali idonsa na Zeiss ne, irin na manyan akwatuna. Tun daga 1971 aka riƙa ƙera shi a Singafo kuma, fatake su lura, gama masu saye sun fi ɗaukaka wanda aka rubuta wa sunan Jamus.

Aikinsa na gwani ne. Sai an jawo idon waje an kulle shi, kana a ƙiyasta nisan abin da za a ɗauka da ƙwayar ido, domin ba ya auna nisa da kansa. Fim ɗaya hoto 36 ne ko ƙasa da haka, ba a ganin ko ɗaya sai an wanke. Saboda haka wanda ya tsaya da shi a ƙofar fada ran hawan Sallar Gani, lalle ne ya riga ya yanke inda dawaki za su tsaya tun ba su taso ba. In ya yi jinkiri, ƙura kaɗai zai kai gida.

Malamai sun saɓa game da hoto tun farkon zuwansa. Waɗansu sun hana. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, hujjarsa kuwa ita ce kama inuwa ne kawai, kamar abin da ke bayyana cikin madubi. Ko a yau ba a taru bisa magana ɗaya ba.

Yanzu waya ta karɓe aikin, amma ba a daina yin fim ba, kuma masu neman tsohon akwatin suna biyan kuɗi mai kauri. Magajin da ya tarar da irinsa cikin adakar mahaifinsa, kada ya yi gaggawar buɗe bayansa. In da fim a ciki, haske zai shafe shi nan take, watakila kuwa fuskar wani dattijo ce da ba ta a ko'ina sai nan. Ya kai shi wurin tsohon mai hoto, a naɗe fim ɗin tukuna, sa'an nan a yi ciniki.