Ko Kun Sani? Ƙirjin Uwa Na Ceton Bakwaini

Jaririn da bai kai gram 1,500 ba, sanyi da cuta ne suka fi yi masa barazana, domin ba shi da kitsen riƙe ɗumi. A 1978, Dakta Edgar Rey na birnin Bogota ya ga kwalaben jarirai sun yi kaɗan, sai ya sa uwaye su ɗaure 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. Matan unguwar Ekoudou a Yaoundé sun gaji goyo, sai dai wannan a gaba ake yinsa, ba tufa a tsakani.

Wasu za su ce dabarar talaka ce, kwalba ta fi. Binciken 2021 a ƙasashe 5, har da Najeriya da Gana, ya nuna fara goyon nan take ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ana yinsa a asibitocin Yaoundé, inda ake tatsar nono a ba jariri ta bututu idan ya kasa tsotsa. In mai jego ta gaji, uba ko kaka su karɓa.